Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Birnin New York Kan Sammacin Da Ake Yanka Wa Masu Keke

Masu girma 'yan Majalisar Birnin New York, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan ku da iyalanku kuna lafiya, na rubuto muku wannan takarda ne a madadin 'yan uwana masu jin Hausa da ke kai abinci da saƙo a kan keke a wannan birni. Akwai 'yan Nijar a cikinmu, akwai 'yan Najeriya, akwai 'yan zangon Kumasi da Accra, kuma akasarinmu a Bronx muke kwana. Ba mu da ofis, ba mu da ƙungiya mai rajista. Taronmu bai wuce ƙofar masallaci bayan an sauko Juma'a ba, sai kuma bakin gidajen abinci inda muke jingine kekuna muna jiran oda. A can aka ce ni, da na fi su daɗewa kuma na fi su surutu, in riƙe alƙalami. Da Hausa na rubuta, don waɗanda nake magana da yawunsu su karanta su tabbatar ban ƙara gishiri ba. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan za su juya muku ita zuwa Turanci.

Abin da ya taso da maganar shi ne shawarar da aka fara aiki da ita a ƙarshen Afrilun 2025, zamanin magajin gari Eric Adams da kwamishinar 'yan sanda Jessica Tisch. Kafin lokacin, idan mai keke ya ƙetare jar danja, ko ya wuce jan allon tsayawar nan mai kusurwa takwas bai tsaya ba, takardar tara ake yanka masa irin ta direban mota. Ya biya ta intanet ko ta gidan waya, in kuma yana da ja ya je ya yi musu. Daga wannan lokaci sai aka koma ba shi sammaci, takarda mai ruwan hoda, wadda ke nufin dole ya bayyana da kansa a kotun masu laifi ranar da aka rubuta masa. In bai je ba, ana iya fitar da takardar kama shi. Hujjar hukuma ita ce mai keke ba shi da lasisin da za a dakatar, saboda haka yana iya jefa takardar tara a shara ya yi gaba abinsa. Mun ji wannan hujja, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Sai dai garin neman gira an rasa ido.

Ku muka nufa da wannan koke saboda abin umarnin ofis ne, ba ku kuka zauna kuka zartar da shi ba. Abin da aka kafa da umarni, umarni na iya ɗage shi, gobe kuma wani ya hau kujera ya dawo da shi. Muna son a rubuta mana shi a doka, mu daina zaman jiran ra'ayin wanda ya ci zaɓe.

Kukanmu na farko shi ne rashin daidaito, kuma a nan ne abin ya fi ci mana rai. Idan kyamara ta kama mota ta ƙetare jar danja a birnin nan, dala 50 ce tarar, takarda za ta iske mai motar a gida, ba a ko taɓa lasisinsa. Idan jami'i ne ya tsayar da direban, takardar tara ce dai, ya biya daga kan kujerarsa ta falo. Wannan fa mutum ne da ke tuƙa ƙarfe mai nauyin tan biyu. Mai keke kuwa, tun kafin sabon tsarin ma dala 190 ake cajinsa a kan danja ɗaya, daga Afrilun 2025 kuma aka ƙara masa da tsayuwa gaban alƙali. Laifi ɗaya, mahaɗa ɗaya, wanda abin hawansa ke iya murƙushe mutum uku an ce ya aiko da kuɗi, wanda abin hawansa ake ɗauka a kafaɗa a hau bene da shi an ce ya zo kotu. Na daɗe ina juya wannan lissafi, har yau bai fita ba.

Bari in ba ku nawa labarin, kuma ba zan wanke kaina ba. Wata ranar Talata da rana, ana yayyafi, na ɗauko shinkafa da kaza zan kai wani gida. Na iso wata ƙaramar mahaɗa cikin unguwa mai allon tsayawa. Na matse birki har gudun keken bai wuce tafiyar tsohuwa ba, na duba hagu, na duba dama, babu mota, babu mai tafiya a ƙasa, ko kare babu. Na wuce ban sauke ƙafa ba. Ƙofa uku gaba wani jami'i ya ɗaga min hannu. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba, ya ma bari na matsa ƙarƙashin rumfar wani shago don kada ruwa ya jiƙa jakar. Ya ce ban tsaya ba. Gaskiya ya faɗa, ban tsaya ba. Ya ɗauki minti ashirin yana rubutu, abinci ya huce, kwastoma ya soke oda, manhaja ta rage min maki. Ranar kotu na bar gida tun da asuba, na bi layin bincike, na cire bel da takalmi, na zauna a kan benci tare da mutanen da akasarinsu masu jakar baya ne irina, ga hular kwano a cinya. Sai bayan azahar aka kira sunana. Lauyan da aka tanada ya raɗa min magana biyu a kunne, alƙali ya duba takarda, bai kai minti biyu ba aka ce in tafi, in dai ban sake shiga wata matsala ba maganar ta mutu. Na fito ina murna kamar wanda aka yi wa kyauta. Sai a cikin jirgin ƙasa na yi lissafi. Mafi ƙarancin abin da dokar birni ta yanka wa mai kai abinci a wancan lokacin, daga Afrilun 2025, dala 21.44 ne a awa. Wunin awa takwas ya haura dala 170. Tarar da alƙali bai ci ni ba, layin kotu ya ci ni ita.

Ni ke nan mai takardun zama, mai jin Turancin da zai fisshe ni. Kuka na biyu na waɗanda ba su da ko ɗaya ne. Akwai wani yaro a cikinmu ɗan Damagaram, bai fi shekara ashirin da uku ba, wanda aka ba irin wannan takarda ya ninke ta ya saka a aljihun jakarsa tare da rasiɗan shago. A tunaninsa tara ce, idan ya tara kuɗi zai biya. Sai da wani babba a cikinmu ya ga gefen takardar ya leƙo, ya zaro ta, aka tarar ranar kotu ta wuce da mako uku. Yaron nan ya yi kwana huɗu bai fita aiki ba, ko jiniya ya ji sai ya miƙe. Da ƙyar muka samu wanda ya raka shi aka warware. Dokarku ta 2017 ta wajabta wa hukumomin birni fassara muhimman takardu zuwa harsuna goma, akwai Faransanci da Larabci a ciki, mun gode. Amma yaron da ya yi makarantar allo ya fita neman abinci ba ya karanta Faransancin kotu, kuma babu Hausa a jerin, babu Fulatanci, babu Wolof, alhali ku leƙa bakin kowane gidan abinci a Harlem ku ji harsunan da ake yi a kan kekunan nan.

Sannan ga tsoro, wanda ya fi komai nauyi. Takardar neman katin zama na dindindin da ta neman zama ɗan ƙasa duk suna tambaya ko an taɓa kama ka, ko an yanka maka sammaci, ko an tuhume ka. Lauyoyi suna ce mana ƙaramin abu ne, ba ya hana komai. Wataƙila haka ne. Amma tun Mayun 2025 kowa ya ga hotunan jami'an shige da fice suna cafke mutane a barandar kotunsu da ke lamba 26 Federal Plaza. Mun san dokar jiha ta 2020 ta hana su yin haka a kotunan jiha sai da takardar alƙali. To je ka bayyana wannan bambanci ga yaron da ya biyo ta Nicaragua da Mexico da ƙafarsa, wanda a wurinsa kotu kotu ce. Abin da ke faruwa shi ne sai ya ƙi zuwa, a fitar masa da takardar kamu, abin da ya fara da rashin sauke ƙafa a lungu ya zama dalilin kwana a caji ofis ranar da aka sake tsayar da shi kan fitilar keke.

Wannan hanya kun taɓa bin ta, kuka dawo da kanku. A 2016 wannan majalisa, ƙarƙashin shugabarta Melissa Mark-Viverito, ta zartar da dokokin da suka karkatar da ƙananan laifuka irin su zubar da shara da shan giya a bainar jama'a daga kotun masu laifi zuwa tarar farar hula. A 2017 masu gabatar da ƙara na gundumomi huɗu suka nemi a soke tsofaffin takardun kamu fiye da 600,000 da suka taru daga irin waɗannan sammaci. A 2024 kuma kuka halatta tsallaka titi ba a kan layi ba, bayan an nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na takardun da ake yankawa kan wannan laifi baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka ke karɓarsu. Ku duba fuskokin da suka zauna kan bencin kotu a 2025 da hular kwano a cinya, za ku gane su.

Kafin in ci gaba, laifi tudu ne, kada in taka namu in hango na wani. A cikinmu akwai masu ganganci. Akwai mai hawa inda mutane ke tafiya a ƙasa da gudu kamar an biyo shi. Akwai mai bin hannun da ba nasa ba cikin dare babu fitila, yana kallon waya. A benen da nake akwai wata dattijuwa da ta ce min ta fi jin tsoron sauka daga bas fiye da tsallaka babban titi, don motar tana jin ƙararta, keken batir kuwa sai dai ta ji iskarsa a kunne. Ban da amsar da zan ba ta. A Satumbar 2023 keken lantarki ya buge wata mata 'yar shekara 69 a Chinatown ta rasu, kuma duk wanda ya ce wannan ba komai ba ne, ba da yawunmu yake magana ba. Wanda ya yanka ta tsakiyar masu tsallaka titi, wanda ya hau keke a buge, wanda ya buge mutum ya gudu, a kai shi kotu, mu ma za mu raka ku. Ƙa'idar da aka kafa daga Oktoban 2025 ta cewa keken lantarki kada ya wuce mil 15 a awa ta rage mana kuɗin shiga, amma ba ita ta kawo mu ba. Roƙonmu a nan a riƙa bambanta keke da ƙananan baburan nan marasa lamba, waɗanda tun asali doka ta ce sai da rajista da lasisi. Rabin ashar ɗin da muke sha a titi nasu ne.

Yanzu ga maganar allon tsayawa, wadda ita ce gindin wannan wasiƙa. Sashe na 1231 na dokar hanya ta jihar New York ya ce duk abin da ya hau kan direba ya hau kan mai keke. A takarda wannan adalci ne. A kan kwalta kuwa, wanda ya rubuta shi bai taɓa tashin keke mai ɗauke da kwalaben lemo shida a baya ba. Idan ka tsaya cak ka sauke ƙafa, sakan biyu ko uku na farkon tashi keken tangaɗi yake, kuma a daidai tsakiyar mahaɗa kake wannan tangaɗi, inda duk haɗari ya taru, ga direban bayanka ya ƙosa yana neman ya goge ka ya wuce. Na yarda mai batir ya fi saurin miƙewa, amma ba kowa ke da shi ba, kuma ko da shi, wanda ya lallaɓo ya duba ya wuce ya fi saurin barin wurin mutuwa. Mai keke ba shi da gilashi a rufe, ba shi da ƙarfen da ke tare masa gani, kansa ya fi na direban ƙaramar mota tsawo, kunnensa yana jin taya tun daga nesa. Kuma idan ya yi kuskuren lissafi, ƙashinsa ne zai biya. Mahaifina ya yi shekara talatin a kan Raleigh ɗinsa a Kano, abin da ya koya min a mahaɗa shi ne ido da kunne, bai taɓa ce min tafin ƙafa ne ke tsare rai ba.

Abin da muke nema ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Jihar Idaho, wadda aka fi sani da noman dankali, ta yi wannan doka tun 1982, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne kotuna sun gaji da cunkoson ƙananan laifukan hanya. Dokar ta ce mai keke idan ya iso allon tsayawa ya rage gudu, ya duba, ya ba mai tafiya a ƙasa da duk wanda ke da hanya hanyarsa, in babu kowa ya wuce. In akwai wani, tsayawa dole. In ya kutsa ya yi karo, laifinsa ne. Shekara 35 Idaho tana ita kaɗai, sai Delaware ta bi a 2017, sannan Arkansas, Oregon, Washington, Utah, Oklahoma, Colorado, Minnesota da wasu. Ku lura da jerin nan, akwai jihohin Republican, akwai na Democrat, ba rigimar jam'iyya ba ce. A 2022 hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, NHTSA, ta fitar da takarda kan batun, inda ta kawo cewa raunukan masu keke a Idaho sun ragu da kashi 14.5 cikin ɗari a shekarar da ta biyo bayan dokar, a Delaware kuma haɗurran keke a mahaɗun da ke da allon tsayawa sun ragu da kashi 23 cikin wata 30.

Na san abin da za a ce: yara fa? Wannan ce damuwar da gwamna Gavin Newsom ya kawo lokacin da ya ƙi sa hannu kan irin wannan doka a California a 2021, kuma ni uba ne, ban raina ta ba. Yaro ɗan shekara tara bai iya auna gudun mota ba. Colorado ta warware wannan da cewa sai mai shekara 15 zuwa sama, kuma kada gudun wucewar ya haura mil 10 a awa. Delaware ta taƙaita abin ga ƙananan tituna. Ku ɗauki duka biyun, ba mu da ja. Za a kuma ce birnin nan ba Idaho ba ne, mutane sun yi yawa. Haka ne, amma allunan tsayawa ba a tsakiyar Manhattan suke ba, can danja ce a kowace kusurwa. Suna cikin lungunan Bronx da Queens da Brooklyn, inda za ka yi layi biyar a jere kowanne da allonsa. Inda mutane suka yi yawa kuwa, dokar da kanta ta ce ka tsaya.

A nan na saɓa da wasu abokanmu masu fafutukar keke. Su suna son a haɗa da jar danja, yadda Idaho ta yi, mutum ya tsaya ya duba ya wuce. A Paris ma akwai mahaɗun da aka liƙa ƙaramin allo da ke ba mai keke izinin wucewa a kan ja. Ni dai ban roƙi wannan ba. Na san Grand Concourse, babban titin nan na Bronx, na san yadda motoci ke fitowa daga ƙarƙashin gada, ba zan so a ce wa sabon zuwa yana da izinin gwada sa'arsa a can ba. A bar ja a matsayin ja, a hukunta da tara.

Amma akwai wata danja da kuka riga kuka ba mu, ake kuma hukunta mu a kanta. Tun Disambar 2019 dokarku ta ce mai keke na iya tashi idan hoton farin mutumin nan da ke kan fitilar masu tafiya a ƙasa ya kama, wanda a mahaɗu da yawa yake riga koriyar motoci da kamar sakan bakwai. Sakan bakwai ɗin nan rai ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen dama na motar shara ko tirela ya san abin da nake nufi: kana ƙasan madubinsa, tayarsa ta kai maka kafaɗa, direba bai san kana duniya ba, kore na kamawa ya karya dama a kanka. Tashi kafin shi ne kaɗai ke sa ya gan ka. A 2023 masu keke 30 suka mutu a titunan birnin nan, adadin da ba a ga irinsa ba tun 1999, kuma 23 daga cikinsu a kan keken lantarki suke, wato irin namu. Duk da haka har yanzu 'yan uwanmu na dawowa da takarda a hannu kan sun bi farin mutum, saboda wanda ya tsayar da su ja kawai ya gani. Wasunmu sun koma yawo da hoton dokar a waya kamar laya.

Wani abin kuma, ana ce mana mu tsaya mu duba, to mu duba me? Dokar jiha ta hana ajiye mota cikin ƙafa 20 daga mashigar masu tafiya, amma birnin nan ya cire kansa daga wannan. Sai ka iso allo ka tsaya daidai layi yadda ake so, ka tarar wata ƙatuwar mota ta toshe kusurwa, ba ka ganin komai sai ƙofarta. Dole ka turo kai cikin titi kafin ka san ko akwai mai zuwa. Hoboken, nan tsallaken kogi, ta share kusurwoyinta daga motocin da ake ajiyewa, kuma daga Janairun 2017 ta yi shekara bakwai a jere ba a rasa rai ko ɗaya a titunanta ba.

Saura kamfanonin manhajar da muke wa aiki. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Babu wanda ya baro uwarsa a Maraɗi don sha'awar gudu a kan ƙanƙara. Waya ce ke ƙirga mana minti. Ita ke haɗa maka oda biyu a unguwanni biyu ta ce ka kai cikin lokacin da ko tsuntsu sai ya yi haki. In ka makara maki ya sauka, in maki ya sauka ba ka samun gurbin aiki a lokacin cin abincin dare, wata rana ka tashi ka tarar an rufe maka asusu, babu ɗan Adam ɗin da za ka yi wa bayani. Lokacin korona, da kowa ya kulle ƙofa, mu aka kira ma'aikatan da ba a iya yi sai da su, a shekarar ce ma jiha ta halatta keken lantarki bayan an daɗe ana ƙwace mana su. Mutum sama da 60,000 ke wannan sana'a a birnin nan. An bar jaki ana dukan taiki, kuma taikin ne aka kai kotu.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Ku yi dokar da za ta ce laifin hanya na mai keke, muddin bai taɓa kowa ba kuma ba a buge yake ba, tara ce ta farar hula, kuma kada ta wuce ta direban mota a kan laifi iri ɗaya. In matsalar rashin biya ce, akwai hanyoyin karɓar bashi da birni ke bi da kowa, a bi da mu ta nan. Ku nemi masu gabatar da ƙara su soke takardun kamun da suka fito daga waɗannan sammaci tun Afrilun 2025, yadda aka yi a 2017. Ku aika wa majalisar jiha a Albany ƙuduri da sunan birnin nan cewa a gyara doka mai keke ya riƙa lallaɓawa ya ba da hanya a allon tsayawa, da sharaɗin shekaru da na gudu irin na Colorado. Ku kira shugabannin 'yan sanda gabanku su faɗi sammaci nawa aka yanka, a waɗanne unguwanni, nawa alƙalai suka kora, nawa ne kuma na waɗanda suka bi farin mutum bisa dokarku ta 2019. Ku share mana kusurwoyi, ko da za a fara da mahaɗun da ke kusa da makarantu da gidajen tsofaffi. Ku tilasta wa kamfanonin manhaja su buɗe yadda suke yanka lokacin kai saƙo, kuma a hana su rage wa mutum maki saboda ya bi dokar hanya. Duk takardar da za a miƙa wa mai keke kuma, a sa mata lambar waya da zai kira ya ji bayani da harshensa. Muna da matasa masu Hausa da Turanci da za su yi wannan aiki gobe in an kira su.

A namu ɓangaren mun fara. Bayan Juma'a muna tara sababbin zuwa mu nuna musu bambancin takardar tara da mai ruwan hoda, mu gaya musu hawa inda mutane ke tafiya a ƙasa haramun ne a wurinmu kafin ya zama laifi a wurin hukuma. Wanda ba shi da fitila muna haɗa masa kuɗi ya saya.

Roƙo na ƙarshe ƙarami ne. Zaman jin ra'ayin jama'a da kuke yi a zauren majalisa da ƙarfe goma na safe yana cinye mana cinikin rana, shi ya sa ba ku ganinmu, sai ku ga kamar ba mu da ta cewa. Ku kawo zama ɗaya Bronx, tsakanin ƙarfe uku da rabi zuwa biyar na yamma, lokacin da abincin rana ya ƙare na dare bai fara ba. Ku gayyato dattijuwar benenmu da ire-irenta, su ma su faɗi nasu a gabanmu. Za mu zo da tafinta, za mu kuma zo da takardunmu masu ruwan hoda ku gani da idonku.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai kai abinci a keke, a madadin 'yan uwansa,
Bronx, New York.